Kafin A Yanke Wa Turbo Hukunci, A Duba Tiyo

A wannan wata gareji za mu leƙa. Yawancin motocin gazuwal da ke yawo a Maraɗi da Damagaram da Yamai tsofaffi ne na Turai, waɗanda suka sauka a tashoshin ruwa na Kwatano da Lome. Kukan masu su kuwa ɗaya ne: mota ta daina ja. A taka totur ta yi nauyi, a zo hawa ta kasa. Da an kai ta gyara sai a ji an ce turbo ya mutu, a sayo wani. Alhali sau da yawa laifin na wani ɗan tiyon roba ne da kaurinsa bai wuce fensir ba. Hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

Bari mu fara da sanin aikin turbo. Farfela ce guda biyu a kan sanda ɗaya. Hayaƙin inji yana juya ta farko, ta biyu kuma tana danna iska cikin inji don mai ya ƙone sosai. Wani injiniya ɗan ƙasar Suwizalan, Alfred Büchi, shi ya yi rajistar wannan dabara a 1905, kuma a 1979 kamfanin Peugeot ya sa ta a motarsa 604 mai gazuwal. Sandar kan juya fiye da sau 150,000 a minti ɗaya.

To, mene ne ruwan tiyo a ciki? Injin fetur yana samar da zuƙon iska da kansa, amma na gazuwal ba ya yi. Saboda haka aka sa masa ɗan famfon zuƙo a gefen kan inji, ko a bayan dinamo a wasu motocin Japan. Wannan zuƙo shi ke tausasa birki. A motoci irin su Peugeot HDi da Volkswagen TDI, shi ne kuma ke jan ɗan ƙarfen da ke ƙara wa turbo ƙarfi ko ya rage. Idan zafi da tsufa suka tsaga tiyo, zuƙo ya tsere, turbo zai zauna lafiya lau amma babu mai ba shi umurni.

Ga yadda ya kamata bincike ya bi, daga mai araha zuwa mai tsada.

Na farko, gwajin birki. A kashe inji, a taka birki sau biyar ko shida har ya yi tauri. A riƙe shi a take, a ta da inji. In ƙafa ta ɗan nutse, zuƙo yana nan. In birki ya tsaya kamar dutse, kada a hau hanya da motar, domin magana ta wuce ta ja, ta koma ta rai.

Na biyu, a bi ƙananan tiyo ɗaya bayan ɗaya da hannu, musamman bakinsu da inda suke gogar ƙarfe. Makanikin da ke da agogon awo ya ɗaura shi a bakin famfo. Famfo mai lafiya kan nuna wajen bar 0.8 na zuƙo cikin 'yan daƙiƙu. In ya samu haka a famfo amma bai samu a gaba ba, ɓarnar tana tsakani, ko a tiyo ko a ɗan bawul mai waya da ke raba zuƙon.

Na uku, a cire tiyon da ke shiga ɗan gwangwanin jikin turbo, a zuƙe shi da famfon hannu. Ƙarfen ya kamata ya motsa kamar santimita 1 ba tare da cijewa ba, ya kuma tsaya a nan. In ya koma da kansa, robar ciki ta huje. In ya cije, baƙin hayaƙi ne ya daskare a ciki, kuma wanki kan iya warkar da shi. Alamar wannan ita ce mota ta mutu da ƙarfi a tsakiyar gudu, a kashe a sake tayarwa ta dawo daidai.

Na huɗu, manyan tiyo masu kai iska inji. Fito mai kama da busa tare da baƙin hayaƙi yana nuna iska na tserewa, kuma wurin tsagar kan jiƙe da mai. A duba matatar iska ma, domin ƙurar hunturu ba ta ɗaukar lokaci wajen toshe ta.

Motocin gazuwal na Turai daga 2004 duk suna da wurin sa na'urar bincike. Lamba P0299 tana nufin iska ta gaza, P0234 kuma ta yi yawa. Amma mu lura, lambar ciwo ta faɗa, ba ta faɗi mai laifi ba. Haka kuma wasu sababbin motoci lantarki ke jan ƙarfen turbonsu, su gwaji na uku bai shafe su ba.

Yaushe ne turbo ya mutu da gaske? Idan shuɗin hayaƙi na fita, baƙin mai yana raguwa, farfela ta karye ko tana gogar bango. Ko a nan ma, a wanke ko a canza bututun da ke kai masa mai kafin a ɗaura sabo, in ba haka ba shi ma zai bi sawun na farko.

Muna kira ga masu motoci su riƙa tambayar makaniki abin da ya auna kafin su zaro kuɗi. Direbobi kuma, bayan doguwar tafiya a bar inji ya yi minti ɗaya ko biyu yana aiki a tsaye kafin a kashe, don turbo ya huce. Rigakafi dai ya fi magani.