Neman Asali Tsakanin Kara Da Kara: Littafin Da Muke Ta Cikawa

 A wannan fitowa mun ɗan ajiye maganar farashin bajimi da kuɗin tirela, za mu taɓa wani aiki da wasunmu suka ɗauka tun shekarun baya, kuma har yau ba su ajiye ba, wato bin diddigin asalin gidajenmu. Wasu abokan sana'a na yi mana dariya, suna cewa aikin wanda ya rasa abin yi ne. To, ba mu musa ba, da hira ya fara. Amma ga inda hirar ta kai mu.

Abin ya samo asali ne wajen wata ta'aziyya a Maraɗi. Wani dattijon dillali ya rasu, aka zauna rabon gado, sai ga baƙo ya sauka daga Kumasi da wata tsohuwar takarda ta ajami, yana cewa kakansa da mahaifin mamacin uwa ɗaya uba ɗaya suke, kuma akwai shanun haɗin gwiwa da ba a taɓa rabawa ba. Duk zauren aka rasa mai gaskata shi, aka rasa mai ƙaryata shi. Waɗanda suka san maganar duk sun riga mu gidan gaskiya. Ranar muka tambayi junanmu: mu nan, wa zai iya lissafa kakanninsa huɗu ba tare da ya yi tuntuɓe ba? Mafi yawanmu a na biyu muka tsaya.

Ba abin mamaki ba ne. Sana'armu ta tafiya ce, kuma bafatake yakan bar iri duk inda ya daɗe. Kakanninmu sun kora shanu a ƙasa daga Damagaram da Adar har Kano, daga can wasu su bi burtali zuwa Ilori da Badun. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ya kai Kaura Namoda a 1929 da Nguru a 1930, sai hanyoyi suka sake, wasu gidaje suka tashi suka bi tasha. Ita kanta iyakar da muke tsallakawa kullum, tsakanin 1906 da 1908 ne Turawan Faransa da na Ingila suka kafa turakunta, suka bar wa a gefe guda, ƙane a ɗaya gefen. Masu bin hanyar Gwanja kuwa, yaƙin basasar Salaga na 1892 ya watsa su zuwa Kete Karachi, Yeji, Kumasi da Ankara. Sannan a watan Nuwamba na 1969 gwamnatin Busiya ta ba baƙin da ba su da takardar zama mako biyu su bar Gana. Mutane suka baro gidaje da mata da ƴaƴa. Yawancin rassan da suka ɓace mana, a irin waɗannan mararraba suka ɓace.

Kayan aikinmu ba su da yawa: littafi mai kauri guda, biro, da wayar hannu mai ɗaukar murya. Da can rakoda da kaset muke yawo da su, kuma muna da kaset biyu da zafin mota ya narkar, muryar wata tsohuwa ta tafi ke nan har abada. Yanzu duk abin da muka ɗauka, a daren nan muke tura shi ta WhatsApp ga mutum biyu cikin dangi, sannan mu rubuta shi a littafi, don waya ma faɗuwa take yi cikin kara.

Abu na farko da muka koya shi ne, tsofaffin mata sun fi maza riƙe zuri'a nesa ba kusa ba. Namiji zai ba ka labarin yawan shanun da aka kora da yadda aka kwana da ɓarayi a daji, amma wa ya auri wa, wa aka ba riƙo, wa ya sha nonon wa, wannan sai gwaggo da inna. Sai dai akwai alkunya. Tsohuwa ba za ta faɗi sunan mijinta ba, ba za ta faɗi na ɗan farinta ba, ko da sun shekara talatin a ƙasa. Mun taɓa matsa wa wata gwaggonmu, ta dube mu ta ce, "Kai ɗan nan, ba ka da ta ido? Je ka tambayi ƙanwata." Haka aka yi. Tun daga nan, in za mu wajen tsohuwa, sai mu tafi da wata sa'arta wadda za ta faɗi sunan a madadinta.

Sai maganar shekaru. Kowa ya san abin da ke rubuce a katin iyayenmu na wannan gefe: an haife shi "wajen" shekara kaza, wadda wani ma'aikaci ya dubi fuska ya yanka. Ba a gina lissafi a kan wannan. Mu abin da muke yi shi ne mu jingina kowace haihuwa da kowace mutuwa ga wani abu da ƙasa duka ta shaida. Yunwar Kakalaba, 1913 zuwa 1914. Yaƙin Kawusan a Agadas, 1916 zuwa 1917. Ɗauke babban birni daga Damagaram zuwa Yamai, 1926. Ambaliyar da ta sa Maraɗi ta hau tudu, 1945. Farin 1973, da hawan Seyni Kunce a 1974. Bushiyar da ta ci garkuna a 1983, da yunwar El Buhari a 1984. Karyewar darajar sefa a Janairun 1994, wadda babu bafataken da ya manta ta. In tsoho ya ce "ina goye lokacin ruwan Maraɗi", ka samu shekararsa da kuskuren da bai wuce ɗaya ko biyu ba. In kuwa takarda ce ta malamai mai shekarar Hijira, a tuna 1300 ta kama ne a ƙarshen 1882, 1400 kuma a ƙarshen 1979, kuma kowace shekara 33 ta Hijira daidai take da kusan 32 ta Turawa.

Sunaye ma sun ba mu wahala. Mutum ɗaya ne, a nan an rubuta shi Issoufou, a Kano Yusufu, a Kumasi Issifu, a kara kuma ba wanda ya san shi sai da laƙabi. Mun shekara biyu muna neman mutum biyu, ashe ɗaya ne. Don haka a littafinmu kowa na da layi huɗu: sunan yanka, laƙabin gida, laƙabin kasuwa, da yadda aka rubuta shi a takardun hukuma. Muna ƙara zanen fuska in akwai, domin aska takan faɗi abin da baki ya manta, ko Bagobiri ne, ko Babarbare, ko Bakatsine. Yaran yanzu ba a yi musu, shi ya sa muke ɗaukar hoton tsofaffi tun suna nan.

Amma taskar da ta fi kowace amfani gare mu, mu ƴan shanu, ita ce gidan mai masauki. A Sabon Badun, a Agege, a zangon Kumasi, bafatake ba ya sauka sai a gidan da ubansa ya sauka. Maigida ne ke tsaya masa, shi ke lamunce bashin mahauta, shi ya san wanda ya biya da wanda ya gudu. Wasu gidajen suna da tsofaffin littattafan bashi, da ajami ko da boko, kuma a ciki muka ga sunan kakanmu da yawan shanun da ya kawo. Har Turawa sun yi rubutu a kan wannan tsari: Abner Cohen ya fitar da littafi a 1969 a kan Hausawan Sabon Badun, Polly Hill kuma ta yi nazarin masu masaukin kasuwar shanu ta Kumasi. Mai ɗa a jami'a ya sa shi ya nemo ya karanta masa. Akwai kuma gidajen ajiye takardun tarihi na gwamnati a Yamai, Kaduna, Ankara da Tamale. Gaskiya, ba kasafai za ka ga sunan talaka a can ba, sai dai sunan hakimi da lissafin jangali, amma sukan nuna maka shekarar da aka kafa wata kasuwa ko aka buɗe wani burtali.

Wani hanzari. Mai tona asali zai tono abin da bai nema ba. Akwai gidan da za a tarar kakarsu sayo ta aka yi, akwai wanda kakansu bashi ya gudar da shi ya sake suna. Mun yi shawara tsakaninmu cewa irin wannan ana rubuta shi a littafin gida, amma ba a kai shi kara, kuma ba a tona na gidan wani. Mun ga inda magana ɗaya ta irin wannan ta ɓata auren da aka riga aka sa wa rana. Haka nan ba ma yarda da maroƙi ido rufe. In ka ba shi jika biyar, kafin la'asar ya haɗa ka da Bawa Jan Gwarzo. Abin da bakin mutum biyu da ba su haɗu ba suka faɗa, shi muke rubutawa da biro. Saura da fensir.

Amfanin da muka gani a fili ya zo ne a 2023, lokacin da aka rufe iyakar Nijar da Najeriya bayan juyin mulkin watan Yuli, ba a buɗe ba sai Maris na 2024. Da yawanmu kuɗinsu ya maƙale a wancan gefe. Waɗanda suka riga suka gano ƴan uwansu a Jibiya, Illela da Maigatari sun sami mai karɓar musu bashi da mai riƙe musu bisashe, ba takarda ba shaida. Shi kuwa baƙon Kumasi, bayan shekara uku wata tsohuwa a Tasawa ta tabbatar da maganarsa, aka ba shi haƙƙinsa, yanzu ɗansa a gidan yake sauka.

Littafinmu na gida ya kai kaka na biyar ta wajen uba, ta wajen uwa na uku. Reshe ɗaya ya rage mana a buɗe: ƙanen kakanmu da ya bi hanyar gabas da niyyar aikin haji a ƙasa, wajen shekarun Yaƙin Hitila. Labari na ƙarshe da ya zo gida, an gan shi a Abeshe yana dillancin shanu, wasu kuma suka ce ya wuce Mai Wurno ta Sudan. Bagobiri ne mai cikakken zane, ɗan yatsansa na hagu guntu ne saboda igiyar sa. Ƴan uwa masu zuwa Cadi, in kun zauna da tsofaffin zango ku taya mu tambaya, abin da kuka ji ku bar mana saƙo a ofishin ƙungiya ranar kasuwa.