Amsa ga Mai Sauraronmu na Rimin Gado: Kalmar "Yiding"

Malam, takardarka ta iso. Ka ce kana saro yadi a Kantin Kwari, kakan ji 'yan Sin na cewa "yiding". To, ana furta ta "i-ding", ma'anarta lallai ko tabbas. Kafin kalmar aiki take zuwa: "wo yiding lai", wato lallai zan zo.

Amma fa ka kasa kunne ga "bu", ita ke kore magana. In mutum ya ce "bu yiding lai", ba lallai ne ya zo ba. In kuwa "yiding bu lai" ya ce, to tabbas ba zai zo ba. Don haka kada ka karɓi kuɗin mutanen gari a kan kayan da aka ce maka "bu yiding", sai ka ga dila a ƙasa.