Zaɓen Ma'aunan Hoto da Sauti Wajen Watsa Bidiyo Kai Tsaye: Abin da Ya Shafi Mai Nazarin Harshe

1.0 Gabatarwa

Tun daga shekarar 2020, lokacin da annobar korona ta tilasta rufe jami'o'i, watsa bidiyo kai tsaye ta intanet ya shiga cikin ayyukan sassan koyar da harsunan Nijeriya. Akan watsa laccocin ƙaddamar da farfesoshi, da tarurrukan ƙara wa juna ilimi, da wasannin makaɗan da ake gayyatowa domin amfanin ɗalibai. YouTube ya soma wannan hidima a 2011, Facebook kuma ya buɗe tasa ga kowa a 2016. Sai dai galibi akan bar zaɓen ma'aunan watsawa a hannun duk wanda ya riƙe kyamara, shi kuwa babbar damuwarsa ita ce hoto ya fito tangaran. Manufar wannan maƙala ita ce ta bayyana ma'aunai uku da aikin ya dogara a kansu, ta kuma nuna cewa daga ƙarfin layin intanet ake fara lissafi, sannan a wurin mai nazarin harshe sauti ne ya kamata a fara ware wa kasonsa kafin hoto.

2.0 Ma'aunan Uku da Sunayensu

Hoton da ke bayyana a fuskar kwamfuta ko wayar hannu tarin ƙananan ɗigo ne da aka jera a layuka. Ma'auni na farko, wanda ma'aikatan bidiyo ke kira rezolushan, shi ne yawan waɗannan ɗigo. Idan aka ce 720p, ana nufin ɗigo 1,280 a kwance da 720 a tsaye, watau 921,600 a jimlace. Shi kuwa 1080p yana da 1,920 a kwance da 1,080 a tsaye, watau 2,073,600, wanda ya ninka na farko fiye da sau biyu. A nan za a kira wannan ma'auni "yawan ɗigo". Yana da kyau a lura cewa kalmar Ingilishin tana kuma nufin matsayar da taro ya cim ma, shi ya sa ake cin karo da "ƙudurin hoto" a wasu fassarorin na'ura, alhali hoto ba ya ƙudurta komai. Bidiyo kuwa jerin hotuna ne da ke wucewa da sauri, yawanci falle 25 ko 30 ko 60 a kowane sakan.

Da za a aika da waɗannan hotuna ɗanyu, ba layin da zai iya ɗauka. Kowane ɗigo yana cin bit 24 idan ba a taɓa shi ba, saboda haka 1080p mai falle 30 zai buƙaci kusan megabit 1,500 a sakan. Abin da ya sa watsawa ta yiwu shi ne matsewa. Tsarin matsewa da ya fi yaɗuwa, H.264, wanda aka tsayar a 2003, yakan aika da cikakken hoto jefi-jefi, misali duk bayan sakan 2, a tsakani kuma ya aika da abin da ya canja kurum. Adadin bit da aka yarje wa na'urar matsewa ta kashe a sakan guda shi ne ma'auni na biyu, bitret, wanda za a kira "kwararar bit". Na uku shi ne "saurin aikawa", watau iyakar abin da layin zai iya fitarwa daga wurin taro zuwa kamfanin da ke rarraba wa masu kallo. Kamfanonin sadarwa sun fi tallata saurin saukowa, wanda kan ɗara na aikawa nesa ba kusa ba a yawancin layukan wayar hannu. Wanda ya kalli fim ba tare da yankewa ba a zauren taro bai gwada komai ba tukuna game da watsawa daga wannan zaure.

3.0 Yadda Ake Lissafi

Dangantakar ma'aunan uku ta kwararo ce da ruwan da ake ɗura masa. Idan kwararar bit ta wuce saurin aikawa, bayanai sukan taru a na'urar, sai manhajar watsawa, irin su OBS Studio da ta fito a 2012, ta shiga zubar da fallaye domin ta cim ma lokaci. A wurin mai kallo hoto ya daskare ke nan, wani lokaci har da murya. Don haka matakin farko shi ne auna saurin aikawa a ainihin wurin taron, a irin lokacin da za a yi taron, kuma sau da dama. Layin wayar hannu na tarayya ne tsakanin duk wayoyin da ke ƙarƙashin turken sadarwa guda, saboda haka awon da aka yi da safe zaure ba kowa ba shi ne za a samu ba idan mahalarta ɗari uku sun zauna kowa da wayarsa.

A ɗauka an auna sau uku an samu megabit 8, da 5, da 4.5 a sakan. Mafi ƙanƙanta shi ne abin dogaro, kuma ko shi ba a cinye shi duka. Masu aikin sun sha bamban a kan ratar da za a bari, amma a kan layin wayar hannu abin da ya fi aminci shi ne kada a wuce kashi biyu bisa uku, watau kilobit 3,000. Idan aka cire 128 na sauti, hoto ya tashi da kimanin 2,800. Sai a nan ne maganar yawan ɗigo ke shigowa. In aka raba wannan adadi a kan 720p mai falle 30, kowane ɗigo zai samu kimanin 0.10 na bit. In kuwa aka nace sai 1080p, rabonsa zai faɗi zuwa 0.045. Sakamakon shi ne hoton da sunansa babba amma yana wargajewa gida-gida da zarar mai jawabi ya motsa ko kyamara ta juya. Hoton 720p da ya ƙoshi ya fi na 1080p mai jin yunwa kyan gani, ballantana ma ga mai kallo a wayar hannu, wanda da ƙyar zai bambance su. A al'adance 720p mai falle 30 kan buƙaci kilobit 2,500 zuwa 4,000, shi kuwa 1080p daga 4,500 zuwa sama.

Akwai kuma batun kuɗi. Bit 8 ne ke yin bayit guda, kuma da bayit ake sayar da data. Watsawa a kan kilobit 3,000 na tsawon awa ɗaya tana cin gigabayit 1.35, a kan 6,000 kuma 2.7. Sautin da ke tafiya a kan 128 ba ya cin fiye da megabayit 58 a awa. Ke nan rage sauti domin tsimi ba ya tsimin komai.

4.0 Matsayin Sauti

Hausa da Yarbanci da Ibo duk harsuna ne masu karin sauti. Karin sauti ne ya raba kuka na hawaye da kuka ta miya; shi ya raba igbá (ƙwarya) da igba (ɗari biyu) da ìgbà (lokaci) a Yarbanci; haka kuma ákwá (kuka) da àkwá (ƙwai) da ákwà (tufa) da àkwà (gado) a Ibo. Ana iya zaton matsewa za ta fara cutar da karin sauti ne, amma lamarin ba haka yake ba. Kari yana tafiya ne a kan saurin karkarwar tantanin maƙwallato, kuma wannan yana jure matsewa ƙwarai, shi ya sa ake fahimtar juna a tsohuwar wayar tarho wadda ba ta wuce da komai sai abin da ke tsakanin haz 300 da 3,400. Abin da ke shan wahala idan an ƙuntata sauti shi ne zuzau irin su /s/, wanda yawancin ƙarfinsa yake sama da haz 4,000, da kuma gajeriyar fashewar tunkuɗau irin su /ƙ/ da /ts/. Mai magana da harshen zai cike gurbin da saninsa ba tare da ya ankara ba. Ɗalibin da ke Nsukka ko Ibadan yana koyon bambancin kafa da ƙafa ba shi da wannan gata.

Yankewa ta fi matsewa ɓarna. Bambancin gari na mazauna da gari na tuwo tsawon wasali ne, kuma tazarar ba ta kai rabin sakan ba. Idan layi ya cushe aka zubar da ɗan guntun magana, ko wata manhajar taro ta ja sautin ta kuma gaggauta shi domin ta cike giɓi, to, an taɓa ainihin abin da malamin furuci yake ƙoƙarin nunawa. Wannan ne babban dalilin barin rata a lissafin da ya gabata, domin hoton da aka yi wa ƙari fiye da kima muryar da ke tafe tare da shi yake dannewa.

Haka kuma manhajojin taro irin su Zoom suna da tsarin kashe hayaniya wanda aka gina domin muryar ɗan'adam. Tsarin yakan ɗauki kiɗa a matsayin hayaniya ya danne shi. Ga mai nazarin kalangu ko dùndún na Yarbawa, waɗanda ke kwaikwayon karin magana, wannan asara ce ta gaba ɗaya, kuma sai an kunna zaɓin barin sauti a yadda yake kafin a kauce mata. Sannan babu kwararar bit da za ta gyara muryar da aka ɗauko daga bayan zaure da makirufon da ke jikin kyamara. Makirufo a kusa da bakin mai jawabi, ko waya da aka jona kai tsaye daga na'urar lasifikar zauren, ta fi kowane ƙari da za a yi wa hoto amfani.

4.1 Inda Hoto Ke da Rinjaye

Akwai wuraren da wannan fifiko ke juyawa. Idan abin da ake nunawa rubutu ne, kamar alamomin furuci, ko lanƙwasar ɓ da ɗ da ƙ, ko wasullan ajami da ɗige-ɗigensa, yawan ɗigo yana da muhimmanci, domin a 480p lanƙwasar ƙ kan narke ta koma k. Abin sauƙi a nan shi ne rubutu ba ya motsi, don haka na'urar matsewa ba ta da canjin da za ta riƙa aikawa, kuma 1080p zai iya tafiya lafiya a kan kwararar da ba za ta ishi rawar koroso ba. Maganar hannu ta kurame, wadda Constanze Schmaling ta wallafa littafi a kanta a 2000, ita kuma akasin haka take buƙata: ma'ana tana cikin motsin yatsu da yanayin fuska, saboda haka gara a rage yawan ɗigo a kiyaye yawan fallaye, a kuma tsayar da mai fassara a gaban bango marar ado, don kada bit su tafi a kan zanen labule.

5.0 Watsawa da Adanawa

Ko da an daidaita komai, layin yana iya faɗuwa saboda dalilin da ya fi ƙarfin mai watsawa. A ranar 14 ga Maris, 2024, wasu wayoyin intanet na ƙarƙashin teku sun lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, sadarwa ta raunana a Nijeriya da Gana da maƙwabtansu na tsawon kwanaki. Manhajojin watsawa suna ba da damar adana kwafi a kan kwamfutar a daidai lokacin da ake watsawa, kuma kwafin ba ya jiran layi. Bugu da ƙari, sautin da aka watsa an matse shi da tsarin AAC, wanda ke zubar da abin da aka ƙiyasta kunne ba zai ji ba, kuma abin da aka zubar ba ya dawowa. Ya wadatar ga sauraro, amma wanda zai auna sigogin sauti da manhajar Praat ta Paul Boersma da David Weenink ya kamata ya ajiye rikoda ta daban a gaban mai magana, tana ɗauka a tsarin WAV marar matsewa, a kan kilohaz 44.1 ko 48 da bit 16 ko 24.