Juji Ba Taki Ba Ne Sai An Ruɓar Da Shi: Nazari Daga Birnin Lalle

Ƙasar Birnin Lalle, tsohon mazaunin sarakunan Gobir a gundumar Dakoro, jigawa ce mai yashi, kuma ta gaji. A da manomi kan bar gona ta huta, Fulani su sauka da shanu bayan girbi, su ci kara su bar masa kashi. Yau jama'a ta yawaita, rabon gado ya yayyanka gonaki, kara da harawa kuwa kasuwa ake kai su. Kowace damina ana ɗiba, ba a mayarwa.

Takin zamani bai toshe giɓin ba. Kuɗinsa ya yi tashin gwauron zabi bayan ɓarkewar yaƙin Rasha da Yukiren a 2022, ga kuma rufe iyakoki da ya biyo bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023. Ko an sami buhun, yashi ba ya riƙe shi: ban ruwa kaɗan, ya zarce ƙasa ya bar saiwa da yunwa. Shi ya sa masu garka suka mai da hankali ga jujin gari.

Dabarar ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Manoman kewayen Kano sun daɗe suna jigilar sharar birni a mangalar jakuna, har suna noma gona ɗaya shekara da shekaru ba hutu. Amma sharar wancan zamani toka ce da ƙaiƙayi da kashin awaki. Ta yau cike take da leda, da matattun batura, da fasassun kwalabe. Nijar ta haramta leda tun 2014, duk da haka wanda ya leƙa kowane juji ya san dokar ba ta isa can ba. Ledar da aka zuba a gona tana hana ruwa shiga ƙasa, tunkiya ta haɗiye ta ta rame, gubar batir kuma tana iya ƙarewa a cikin salatin da yaranmu ke ci ɗanye.

Nan ne bambancin juji da taki yake. Idan aka tsince datti, aka jera shara da kashin dabbobi da toka hawa-hawa a rami, ana yayyafa ruwa ana juyawa duk mako biyu, cikin wata biyu zuwa uku sai ta zama baƙin taki mai laushi. Zafin da ramin ke ɗauka yana kashe irin ciyawa da yawancin ƙwayoyin cuta. Ƙasar da ta sha shi tana riƙe laima, mai garka ya rage jan guga, tumatir da albasa da kabeji su yi kauri. Ɗan takin zamani da aka ƙara a kai ma ya fi yin aiki.

Cikas ɗin shi ne ruwa. Rami na shan ruwa, rijiyoyin ƙasar Dakoro kuwa masu zurfi ne, kuma sharar ƙaramin gari ba ta kai ta Maradi yawa ba, rabinta ma yashin tsakar gida ne. Saboda haka a ganina kuskure ne a watsa ɗan abin da aka samu a faffaɗar gonar hatsi. Garka ce ya kamata ta fara ci, inda kowane kwando zai dawo da kuɗi kafin rani ya ƙare.

Kamata ya yi hukumar gari ta ware fili kusa da ruwa, ta ba ƙungiyoyin mata da matasa amalanke da safar hannu, malaman gona su koyar da aikin ramin. Mu kuma a gidajenmu mu ware leda da batir tun kafin shara ta fita ƙofa.