Aikin sa-kai na ceton rai a duwatsun Ostiriya

A watan Maris 1896, dusar ƙanƙara ta rufto daga dutsen Rax a ƙasar Ostiriya, ta kashe masu hawan dutse uku. Wannan hatsari ne ya sa ƙungiyoyin masu hawan dutse na birnin Viyana suka kafa kwamitin ceto a shekarar. Har yau ƴan sa-kai ke riƙe da aikin: sun haura 12,000, kuma ba su da albashi. Da zarar an kira lamba 140, sai su ajiye sana'arsu su fita da igiyoyi da karnuka masu sansano mutum. Wanda ƙanƙara ta binne, in an wuce minti 15, rayuwarsa na cikin haɗari ƙwarai. Shi ya sa aka kafa rassa kusan 300 a garuruwan gindin duwatsu.