Littafi a hannu, kare a ƙofar gida

Jama'a masu karatu, musamman iyayenmu mata na kasuwar Agadas, akwai tambayar da ake yawan yi mini in na fito daga gidan rediyo: wai ina nake samun lokacin karatu da rubutu, ga kuma kare?

Karen nawa irin na Azawak ne, dogo siriri, wanda Abzinawa ke kira oska. A daji aikinsa gadin garke da farauta. A gari kuwa, in bai yi gudu ba sai ya hana unguwa barci. Shi ya sa bayan sallar asuba nake fita da shi bayan gari. A hanya nake tsara abin da zan rubuta, in na dawo in zuba a takarda kafin in tafi aiki.

Matsalar ita ce aljihu. Jaka guda ba ta sayen littafi ta kuma sayi ƙashi wurin mahauta. Sau da yawa kare ke cin nasara, don littafi ba ya kuka da dare. Sai aro. Wata mai tumatir ce ta ara mini Alhaki Kwikwiyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, wanda ya fito a 1990. Ita a bakin tirenta ta karance shi, in ciniki ya lafa.

Maƙwabta sun taɓa kai ƙarata wurin mai unguwa, wai yana tsorata ƴan makarantar allo. Da gaskiyarsu. Yanzu da rana a ɗaure yake. Mai tumatir kuwa ran Juma'a take son littafinta, ga shi saura mini shafi 40.