Hulɗa da jama'a a sababbin kamfanoni

Hulɗa da jama'a ita ce hanyar da kamfani ke bi don gina sunansa da samun amincewar mutane. Ta bambanta da talla: talla biyan kuɗi ake yi, labari kuwa ɗan jarida ne ke ɗauka idan ya ga zai amfani masu sauraro. Shi ya sa sabon kamfani mai ƙaramin jari ya fi dogara da ita.

A ƙasar Hausa, sanƙira da mai shela ne ke isar da saƙo tun kafin zuwan jarida da rediyo. A Najeriya, an kafa cibiyar masu wannan sana'a, NIPR, a shekarar 1963, kuma doka ta amince da ita a 1990.

A birnin Katsina, mai sabon kamfani a unguwa kamar Ƙofar Sauri kan kai takardar sanarwa ga Gidan Rediyon Jihar Katsina, Companion FM ko NTA. Takardar kan bayyana matsalar da kamfanin ke warwarewa da waɗanda suka amfana. Idan aka yi ƙari a ciki, editoci sukan daina amincewa da kamfanin, sunan da ya ɓaci kuma yana da wuyar gyarawa.